Amawalin Kawunka Sidi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Daga mahaifinka Habu zuwa ga ɗana Idi. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, kamiyon da kuka hau kuma bai lalace muku a daji ba. Allah Ya tsare ka daga nan har bakin teku, daga teku har ƙasar Faransa. Amin.

Bayan haka, na ba direba takardar nan na ce kada ya miƙa maka sai kun bar Agadas a baya. In ka ce tsoro ne, ba ka yi ƙarya ba. Ni da shantiye guda, wato filin aiki da leburorinsa, ke shiga taitayinsa in na yi gyaran murya, yau na kasa duban ɗan cikina in faɗi magana, sai na laɓe bayan takarda. Tir da wannan hali. Amma gara ka ji a rubuce da ka tafi ba ka ji ba, don ƙirjin nan nawa na san abin da ke cikinsa, kuma ba na tsammanin za ka dawo ka tarar da ni. Maganar kawunka Sidi ce, yayan innarka, wanda ya fara ɗora ka a kan raƙumi. Na bar ku kai da innarka a kan cewa tari ne ya kama shi kamar yadda yake kama kowa. Shekara da shekaru ina ɓoyewa, don ina tsoron ranar da za ku dube ni da wani ido. Ajali na Allah ne, ban musa ba, amma akwai hannuna a mutuwarsa.

Kai ka tono maganar ba ka sani ba. Ran nan muna cin tuwo na tsokane ka, na ce, "To, malam injiniya, wai me za su koya maka a can wanda mu ba mu sani ba?" Ka yi dariya ka ce karatun sarrafa kaya ne a gidan inji, yadda ake ɗaukar dutse ko gyaɗa ko gishiri a bi da shi mataki-mataki har ya zama abin amfani. Ka ce darasin farko ma, a littafin da mushenku na makaranta ya ba ka, kowa ya san shi: duk abin da ya shiga inji sai ya fita, wanda bai fita ba kuwa yana nan ya taru a wani wuri, aikin injiniya shi ne ya nemo wurin. Ka ci gaba da cin tuwonka. Ni kuwa lomar da ke hannuna ban kai ta baki ba. Innarka ta ce ko miyar ce ba ta yi ba, na ce a'a, miya lafiya lau.

Ka san daga Damagaram na zo Abzin ina saurayi, ba ni da komai sai baki da ɗan Faransancin da na tsinta a bariki. Na auri innarka a garkar mahaifinta, na koyi Buzanci a wurin danginta. Da Nasara suka buɗe haƙar kuza a cikin duwatsu, sai aka nemi mai harshe uku, aka sa ni shugaban lebura. Kana ƙarami lokacin, kuna gida wurin innarka, ba ka taɓa ganin wurin ba. A wasu ƙasashe an ce da ruwa ake wanke kuza. Mu ina muka ga ruwan? Na sha ma a jaki ake kawowa. Sai dai a fasa dutse da guduma, inji ya niƙa, a tankaɗe a rariyar ƙarfe, sannan maza su zauna da faifai suna bakace kamar mata a kan gero. Kuza tana da nauyi, ita take zama a faifai, garin dutse ya tashi. A fili muke yi da farko, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, iska tana kwashe ƙurar ta yi gaba da ita.

Nasaran da ke kanmu muna ce masa Mai-Sikeli, don ko tsakuwa ce sai ya auna. Ya auna abin da ke shiga inji, ya auna abin da ke fita, ya ga kuza ba ta kai yadda ya zata ba. Ya fara cewa sata ake yi. Ni na san ba sata ba ce, iska ce ke tafiya da mai laushin. Da na faɗi haka na yi shiru, da shi ke nan. Amma ina! Ina so a ce Habu mai kai ne. Na ce masa a kewaye rumfar da zana da buhu ruɓi biyu, a rufe sama da kwano, a bar ƙofa ɗaya. Aka yi. Kuza ta ƙaru, Mai-Sikeli ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya yabe ni da yarensu. Wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ban tambayi kaina ba, garin dutsen da iska ta daina ɗauka, yanzu ina zai je?

To, ɗana, ka ji kuskurena na farko. Za su yabe ka a can, na san ka, kanka yana ja. Ranar da babba ya dafa kafaɗarka, ka koma ka sake duba aikin da aka yabe ka a kansa, don a ranar ne ido yake rufewa. Kuma duk ƙofar da ka toshe wa wani abu, ko hayaƙi ne, ko ruwa, ko ƙura, kada ka bar wurin sai ka gane ta ina zai bi yanzu.

A cikin rumfar nan, da rana tsaka sai an kunna fitila. Mutum yana taku uku daga gare ka ba ka gane fuskarsa. In ka tofar da yawu, fari fat kamar kunu.

A shekarar ne rijiyar garkar su kawunka ta ja baya, bijimin da ke jan guga kuma ya mutu. Sidi ya zo nemana, abin da bai taɓa yi ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba, yau ga yayan matata yana neman abu a hannuna. Na sa shi a rumfar bakace, wai na gatanta shi, akwai inuwa, ba ɗaukar dutse a rana. Bai yi sati ba ya tare ni a bakin ƙofa, da Hausarsa ta Buzaye, ya ce, "Habu, ni a garka in na saki ruwa daga rijiya, sai na bi shi da ƙafa har fangali na ƙarshe, in ga inda ya kwana. Kai ka bi wannan ƙura ka ga inda yake kwana?" Na yi dariya. Na ce, "Yaya, inji ba garka ba ne, ka bar wa masu shi." Ya ce to, ya koma ya ɗauki faifansa.

Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba ya gaya mini darasin da za ka ƙetare teku ka koya, na mayar da shi abin dariya. Saboda haka in ka dawo da takardunka, kada ka zauna a ofis ka ce a kawo maka labari. Ka bi kayan da ƙafarka tun daga inda suka shiga har inda shararsu ta ƙare. In wani tsoho mai faifai ya tare ka da magana, ka tsaya ka ji, ko da Hausarsa a karkace take.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini nauyi. Ka taso cikin dangin innarka, ka san abin da amawali yake a wurinsu. Namiji ba ya buɗe bakinsa a gaban mutane, ko ruwa zai sha sai ya sa ƙoƙon ta ƙarƙashin rawani. A gaban suruki kuwa har kusa da ido yake ja. Yawancin masu bakace Buzaye ne, kowa da amawalinsa ruɓi biyu ko uku a kan hanci da baki. In sun fito da yamma suka kakkaɓe, sai ka ga gari yana zuba daga tufan. Na gani da idona kullum, ban taɓa tunanin cewa abin da ke zuba ɗin shi ne abin da bai shiga ƙirjinsu ba.

Wata rana kuruwar inji, wato bel ɗin da ke juya dutsen niƙa, ta kama jelar rawanin wani mutum ta fizge shi. Allah Ya sa ina kusa, na zare wuƙa na datse rawanin. Ya tsira da ƙujewa a wuya. Mai-Sikeli ya ce, "Ka san mutanenka, ka yi abin da ya dace." Bai ce a cire rawani ba, ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Katako huɗu da ƙusa sun isa a kange kuruwar nan, kafinta zai gama a yini ɗaya. Amma sai an tsayar da inji yini guda, ni kuwa ba na so a ce a hannun Habu inji ya tsaya. Washegari na tsaya a ƙofar rumfa na ce daga yau ba mai shiga da rawani.

Wasu suka ajiye faifai suka kama hanya, ko sallama ba su yi ba. Na bi su da baƙar magana, na ce girman kai zai kashe su da yunwa. Waɗannan har yau ina gamuwa da su a kasuwa, suna ɗaga buhu da hannu ɗaya. Waɗanda yunwa ta fi matsa wa suka tsaya. Kawunka yana cikinsu, don ya bar iyali ba hatsi. Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Har ni, Habu?" Na ce doka ba ta san yaya ba. Ya ce, "A gabanka?" Na kau da kai. Sai ya juya mini baya, ya fuskanci zana, ya warware rawaninsa a hankali, ya naɗe shi ya ajiye a kan dutse. Shekara goma sha ina auren ƙanwarsa ban taɓa ganin bakinsa ba sai ranar. Ashe gemunsa ya yi furfura, ashe yana da giɓi. Daga ranar har ya bar wurin, kullum bayansa yake ba ni in na shigo.

Kaico! Na tozarta shi, kuma na cire masa abu ɗaya tak da ke tsakaninsa da ƙurar da ni na tara. Idi, in inji ya kama mutum, injin za ka gyara. A tsayar da shi yini, a tsayar da shi sati, a zage ka, a ce ba ka iya aiki ba. Kuma duk abin da ka tarar mutanen wuri suna yi tun kakanninsu, kada ka hana sai ka gane me yake tsare musu. Ni baƙo ne a ƙasar nan, na ɗauka amawali ado ne da taurin kai kawai.

Tari bai fara nan da nan ba, shi ya sa na samu abin ruɗin kaina. Sai a shekara ta biyu. Busasshen tari, ba majina, mutum ya hau ɗan tudu sai ya tsaya yana haki. Ɗaya, biyu, sai ga rumfa duka tana amsawa. Na ce sanyin dutse ne, na sa a riƙa dafa musu shayi da citta.

Ana nan sai aka aiko cewa lokotoro, wato likita, zai zo daga Agadas ya duba ma'aikata. Kwana ɗaya kafin ya iso na sa aka ɗage zana, aka share rumfa, aka yayyafa ruwan da ko na sha bai ishe mu ba. Ranar da ya zo inji yana hutawa, wai ana gyara. Ya sa abin saurarensa a bayan kawunka, ya daɗe yana ji, ya ɗaure fuska. Ya ce in tambaye shi me yake gani ya jawo masa. Ni ne tafinta, ba wani. Sidi ya yi magana mai tsawo da Buzanci, a natse, ba zargi a ciki. Ya faɗi zanar, ya faɗi fitilar rana, ya faɗi rawanin. Na juya na ce wa lokotoro, "Ya ce sanyi ne, yana kwana a waje." Lokotoro ya ce, "Duk wannan maganar?" Na ce haka suke, sai sun zagaya. Ya ba shi maganin tari a kwalba. Kawunka bai ji Faransanci ba, amma ya ji gajartar maganar. Ya dube ni sau ɗaya, ya karɓi kwalbarsa ya fita.

Ba wanda ya sa ni. Na ji tsoron in an rubuta ƙura a takarda za a ce wa ya rufe rumfa, wa ya hana rawani. Ba na wanke Nasara, sukan leƙo su toshe hanci da hankici su koma, sun ga abin da na gani, nasu yana wuyansu. Amma ni nawa nake faɗa maka. Na farko wauta ce, na biyu son kai, wannan na uku kuwa da sanina na yi shi, ido buɗe. Kai ma tafinta za ka zama, ko ka so ko ka ƙi, tsakanin masu inji da masu shaƙar abin da yake fitarwa. Abin da aka gaya maka ka isar da shi yadda yake, da tsawonsa, ko da sunanka ne zai fito a ciki.

Sauran ka sani, kana da wayo lokacin. Ya koma garka bai iya ɗaga fartanya ba. Ya daina kwanciya, sai dai a jingina shi da bango, don in ya miƙe numfashi ba ya zuwa. Sau ɗaya na je duba shi, sau ɗaya tak, ina fakewa da aiki. Yana ganina ya lallaɓa ya ja amawalinsa har ƙarƙashin ido, kamar yadda ake yi wa suruki mai mutunci. Na ce, "Allah Ya ƙara sauƙi, Yaya." Ya ce amin. Maganar tana bakina, na haɗiye ta na tashi. Da ya rasu ni na ɗauki gaban makara, mutane suna cewa Habu ya riƙe zumunci.

Ban da shi akwai wasu. Ni ma da nake shiga ina fita, ga rabona ya iso.

Abin da ya sa ban bar maganar ta bi ni kabari ba, bara na raka waɗansu Nasara masu neman wani dutse, ba kuza ba, wani mai ɗorawa-ɗorawa. Suna yawo da ɗan akwati mai ƙara in an kusa da shi, tun daga wajen Azelik har arewa can wajen Arlit, inda ba kowa sai makiyaya. Na ji suna cewa in sun same shi da yawa, sai an niƙa shi ya fi gari laushi, a jiƙa shi da ruwa mai cin tufa, kafin a fitar da ɗan abin da suke so. Na ce, "Sauran fa?" Ɗayansu ya nuna daji da hannu ya yi dariya. Irin dariyar da na yi wa kawunka ce, na gane ta. Ana ta raɗe-raɗin mulkinsu ya kusa ƙarewa, ban sani ba, ni dai na san ko sun tafi ko suna nan, za a haƙa dutsen nan, kuma 'ya'yan mutanen da na sa a rumfa su za a kira. Irinku za a ba ragamar injin. Shi ya sa nake so ka yi karatun nan da gaske, ba don a ce ɗan Habu ya je Faransa ba. Ka koyi awon har ya zauna maka, don in ka ce akwai abin da ya ɓace, ba mai iya rufe maka baki.

Sauran nasiha ba ni da yawa, ka fi ni hankali, ko da yake har yau ba ka iya ɗaure wa jaki kaya bai zame ba. Ka riƙe salla ko kai kaɗai ne a ɗaki. An ce sanyin can ba irin namu ba ne, ka rufe ƙirjinka, kada ka yi wasa da tari. In ba ka gane darasi ba ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba, su yi dariyarsu su gama.

Na kai nan jiya na ajiye alƙalami, don na ga ba daidai ba ne ka sani innarka ba ta sani ba. Da hantsin nan, kana can kana sallama da dangi, na same ta tana tsince dabino a tabarma. Na zauna nesa kaɗan na faɗa mata duka, zanar, rawanin, lokotoron. Ina faɗa tari yana katse ni, ita kuwa hannunta bai tsaya ba. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, na shirya ta ce in mayar da ita garkar ubanta. Da na gama ta tashi ta kawo mini ruwan ɗumin da take ba ni in ƙirji ya matsa. Sai ta ce, "Na sani, Malam. Sidi ya gaya mini tun ranar da ya dawo." Na ce, "Tun lokacin? Ba ki taɓa cewa komai ba?" Ta ce, "Shi ya hana ni. Ya ce kada in nuna maka, kada ka ji kunya a cikin gidanka, gaban ɗanka."

Idi, na yi kuka kamar ba namiji ba. Shekara takwas tana dafa mini abinci da wannan a cikinta. Mutumin da na tuɓe a gaban jama'a, shi ya rufa mini asiri har ya shiga ƙasa, kuma ba inda zan same shi in ce ya yafe.

Saura kai. Ba na roƙon ka yafe mini a takardarka ta farko, ka ɗauki lokacinka. In ba za ka iya rubuto mini ba, ka rubuto wa innarka, zan karanta mata, ba zan ƙara ko rage harafi ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa, Ya buɗa maka karatu, Ya dawo da kai ga innarka da ƙafarka. Allah Ya jiƙan Sidi da waɗanda suka zauna tare da shi a rumfar nan. In ka yi salla ka sa shi a addu'a kafin ni.

Ni ne mahaifinka,
Habu